Wace ƙungiyar jami'a ce ta fi ƙarfi amma kambun Amurka ya kuɓuce mata?

Bashir (Bronx): Salamu alaikum jama'a. Daren jiya ina jiran fasinja a filin jirgi na sake kallon wasan Miami da Ohio State na Janairun 2003. Maganata har gobe ɗaya ce: a ƙwallon zari-ruga ta jami'o'in Amurka ba a taɓa yin ƙungiya mai ƙarfin Miami ta 2002 da ta tashi hannu rabbana ba. Wasa 34 a jere ba wanda ya kai bayansu ƙasa. Ken Dorsey na jifa, Willis McGahee na gudu da ƙwallo, Andre Johnson da Kellen Winslow na cafewa, Sean Taylor na gadi a baya. Kuma ba cin su aka yi ba, ƙwace aka yi musu da rana tsaka.

Alhaji Sani (Columbus): Wa alaikumus salam. Bashir, ka san a garin Ohio State nake zaune, amma ka zo da wannan magana da sassafe? 31 da 24 aka tashi. Allo ba ya ƙarya.

Bashir: Alhaji, allo ba ya ƙarya amma alƙali yana kuskure. A ƙarin lokaci na farko Miami na gaba 24 da 17, saura wa Ohio State dama ɗaya tal. Aka jefa wa ɗan wasansu Chris Gamble, ƙwallo ta faɗi ƙasa. An harba wutar murna sama, 'yan Miami sun cika fili suna tsalle. Sai can wani alƙali, Terry Porter, ya zaro ƙyallensa mai ruwan ɗorawa na nuna laifi ya jefa, wai an riƙe Gamble. In laifi ne, me ya hana shi jefawa nan take?

Alhaji Sani: To ka ƙarasa labarin mana, kada ka ci rabi ka ajiye rabi. Sau biyar Miami ta zubar da ƙwallo a hannunmu a daren nan. Taylor ɗin da kake yabo ya tare jifa yana gudu, Maurice Clarett namu ya bi shi ya fizge ƙwallon daga hammatarsa kamar yaro ya ƙwace rake. A ƙarin lokaci na biyu kuma suka samu kansu yadi biyu kacal da ci, dama huɗu, suka kasa shiga. Wannan ma alƙali ne ya riƙe musu ƙafa?

Bashir: McGahee ya ji mummunan ciwo a gwiwa kafin nan. Da yana fili, yadi biyu ai kamar shan ruwa ne.

Nura (Kano): Don Allah ku yi mini afuwa, ni ɗan kallo ne daga nesa. Ba wasan ƙarshe ake yi duk shekara a ba wanda ya ci kofi ba? Ina gardamar take?

Hajiya Rabi (Houston): Nura ƙanena, ba kamar kofin Turai ba ne. Shekaru da yawa ƙuri'a ce ke naɗa zakara: 'yan jarida su yi tasu, masu horarwa su yi tasu, wani lokaci a samu zakaru biyu a shekara ɗaya. Sai 1998 aka fara haɗa na ɗaya da na biyu su kara, a 2014 aka koma ƙungiyoyi huɗu, a 2024 aka kai 12. Ga lissafin maki kuma: in ka shiga da ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne. Daga nan ka zaɓa, ko ka buga ta ƙafa ka ƙara ɗaya, wanda kusan tabbas ne, ko ka sake yunƙurin shiga ka nemi biyu, wanda caca ce. Riƙe wannan, na ga Malam Habibu yana rubutu, na san inda zai dosa.

Malam Habibu (Kaduna): Hajiya kin riga ni. Yara, ina ɗalibi a Lincoln, garin jami'ar Nebraska, a 1983, da idona na ga Nebraska ta wannan shekara. Maki 654 suka zuba a kaka ɗaya. Minnesota suka yi wa 84 da 13. Mike Rozier ya yi gudun yadi sama da dubu biyu ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ga Turner Gill ga Irving Fryar. Ranar Asabar garin nan kaf ja yake komawa, har tsohuwar da nake haya a gidanta jar riga take sawa ta zauna gaban rediyo.

Ranar 2 ga Janairun 1984 ƙungiyarmu ta je Orange Bowl, filin Miami kansu, wato mun bi kura har raminta. Kafin mu farga sun yi mana 17 da nema. Muka taso, suka sake tserewa 31 da 17, Rozier ya ji ciwo a idon sawu ya fita. Jeff Smith da ya maye gurbinsa ya ci biyu, na ƙarshen saura daƙiƙa 48. Allo ya nuna 31 da 30.

To ku saurara. A lokacin babu ƙarin lokaci, sai 1996 aka kawo shi. Mu ne na ɗaya, Texas da ke ta biyu kuma ta riga ta sha kashi a hannun Georgia da rana. Da koci Tom Osborne ya buga ɗaya an tashi kunnen doki, kusan kowa ya yarda masu ƙuri'a za su bar mana kambu. Ya ce a nemi biyu. Gill ya jefa wa Smith, wani yaro Ken Calhoun ya sa yatsu ya kauce da ita. Muna ɗakin kallo na ɗalibai, mutum kusan hamsin, ba ka jin komai sai ƙarar injin ɗumama ɗaki. Bashir, naka an ce an ƙwace musu. Nawa kambu na aljihunsu suka ciro shi suka aza a faifai.

Bashir: Allah ya gafarta Malam, labari ya yi daɗi, amma Miami ce dai ta ci ku. Kuma ba ma Miami mai ƙarfin ba.

Hajiya Rabi: Ni kuwa abin da zan faɗa zai ba ku mamaki, tunda kun san Texas nake goyon baya. USC ta 2005 ce. Su ma wasa 34 a jere suka ci, kuma masu Heisman biyu a bayan layi ɗaya, Matt Leinart da Reggie Bush. A Rose Bowl, wasan neman kambu da Texas, suna gaba 38 da 33, saura minti biyu da 'yan kai, yadi biyu suke nema su kashe wasa. Kocinsu Pete Carroll ya bar Bush a gefen fili yana kallo, aka ba LenDale White, muka tare shi. Vince Young namu ya karɓa, saura daƙiƙa 19 ya ruga ta kusurwar dama ya shiga, 41 da 38. Yadi 467 ya haɗa shi kaɗai a daren. Ina aikin dare a asibiti, a talabijin ɗin ɗakin hutu na gani, sai da na toshe bakina da mayafi kada in tashi marasa lafiya. Ƙungiyar da sai mutum ya yi irin wannan wasa kafin ya kayar da ita da maki uku, ita ce amsar tambayarku.

Mansur (Philadelphia): Iyayena da yayyena, a yi mini izini. Duk waɗanda kuka lissafa an ba su fili, an ba su abokin karawa, sun faɗi. Miami ma ai ta ɗauka a 2001, USC ta yi nata bikin a 2004, yawancin yaran nan suna da zoben zakara a yatsa. Penn State ta 1994 fa? Wasa 12, nasara 12. Kerry Collins da Ki-Jana Carter. Suka je Illinois aka yi musu 21 da nema, suka dawo suka ci da tafiyar yadi 96 a ƙarshen wasa. Suka doke Oregon 38 da 20 a Rose Bowl. Aka ce su ne na biyu. Laifinsu kawai yarjejeniya ta ɗaure zakaran rukuninsu na Big Ten ya je Rose Bowl, don haka ba halin su haɗu da Nebraska. Af, na manta, Penn State ɗin nan ta doke Ohio State ma 63 da 14.

Alhaji Sani: Mansur, wannan na ƙarshen ba dole ne ka faɗa ba. Zan haɗa ka da babanka.

Malam Habibu: Yaro ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kambun 1994 namu ne, shi ne na farko da Osborne ya ɗauka, a Orange Bowl ɗin nan dai, a kan Miami ɗin nan dai, 24 da 17. Shekara 11 muna jira. Amma tsakani da Allah, da an haɗa mu da Penn State ba zan rantse a kan sakamako ba. Ina jin akwai tausayin 1983 a cikin ƙuri'ar nan.

Muntari (Columbus): In rashin faɗuwa ne ma'auni, Auburn ta 2004 ta ci 13 ba faɗuwa aka tsallake ta, aka kai Oklahoma wasan ƙarshe, USC ta yi mata 55 da 19. Alabama ta 1966 ma ta ci 11 cif, aka sa ta ta uku bayan Notre Dame da Michigan State da suka yi 10 da 10.

Hajiya Rabi: Auburn na yarda. Alabama ta 1966 kuwa kada ka sa ni tausayinta. Babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta, sai 1971 baƙaƙen fata suka fara buga mata wasa, alhali Michigan State na da su Bubba Smith tun lokacin. Wanda ya rufe ƙofa ga wasu, don an rufe masa ba zan yi kuka ba.

Bashir: Mansur, tambayar ita ce wa ya fi ƙarfi, ba wa aka fi zalunta ba. Ka jera sunayen 'yan Miami da suka shiga gasar ƙwararru ta NFL, ka jera na Penn State, sai mu yi magana.

Mansur: Yaya Bashir, NFL wani wasa ne daban. Ni dai ƙungiyar da ba a taɓa gani a ƙasa ba, ba ka da hujjar cewa wadda aka gani a ƙasa ta fi ta.

Nura: Malam, tambaya ɗaya. Da kai ne Osborne a daren nan, ɗaya za ka buga ko biyu?

Malam Habibu: Ɗaya mana. In ɗauki abina in hau jirgi, duk mai surutu ya same ni a Lincoln. Shekara arba'in ke nan ina yabon mutumin nan a bainar jama'a, in na koma ɗaki in ji haushinsa.

Bashir: Fasinjana ya fito, sai anjima. Alhaji Sani, zan turo maka bidiyon, ka ƙirga daƙiƙun da kanka kafin ƙyallen nan ya taɓa ƙasa.

Alhaji Sani: Turo. Ni kuma in turo maka hoton kofin, yana nan garinmu.