Masu fuka da alaji: wa aka taɓa yi wa bayanin saitokin a asibiti?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ɗana yana fama da fuka, ƙura ko gashin kyanwa kan tayar masa da ita. Likita ya ce tushen abin wasu ƙananan sinadarai ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su, wai saitokin. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani.

Ɗan'uwa Mai Fuka: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Ni na daɗe ina dogaro da maganin shaƙa na salbutamol, ƙirji ya buɗe, dare ya yi a koma gidan jiya. Sai aka fahimtar da ni cewa shi buɗe hanyar numfashi kawai yake yi, kumburin yana nan. Abin shaƙa mai sitiroyid shi ke rage saitokin da ake kira IL-4 da IL-5 da IL-13, masu hura wutar kumburin. Ba ya aiki nan take, sai an lazimce shi kullum. Tun da na riƙe shi nake barci.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: Gaskiya ka faɗa, Malam. Jinin masu fuka nake dubawa, ni ma kuma ina da ita. IL-4 ke sa jiki ya ƙera IgE, wato sinadarin garkuwa mai tayar da alaji, IL-13 ke ƙara majina ya sa hanyar numfashi saurin tsukewa, IL-5 kuma ke renon fararen ƙwayoyin jinin da ake kira iyosinofil. Nawa sun haura 300 a kowace maikrolita (ɗan mitsitsin ɗigo) ta jini, ina ta kwanciya asibiti duk da ina shaƙar magani yadda aka ce. Aka ɗora ni kan allurar mepolizumab, wadda ke toshe IL-5, Amurka ta amince da ita tun 2015. Tashin ciwon ya ragu ƙwarai. Amma ku ji ni da kyau: ta masu fuka mai tsanani ce, kuma ba a ajiye abin shaƙa saboda ita.

Baban Yara: Ni ta ɗaya ɓangaren na shigo. Atishawa da toshewar hanci ne nawa, gwajin fata ya nuna ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar katifa. Aka riƙa ba ni abin da jikina ke ƙyama kaɗan-kaɗan ta hanyar allura, a ƙarƙashin kulawar likita. Ya ce manufar ita ce jiki ya ƙara yin IL-10, saitokin mai kwantar da garkuwa, har ya daina ɗaukar ƙura a matsayin abokin gaba. Hanyar tana son haƙuri, don akan shekara 3 zuwa 5 ana yi. Farkon lokacin ban ga canji ba, yanzu hancina ya sarara.

Uwar Biyu: Ashe akwai masu tayarwa, akwai masu kwantarwa. Baba, yaro zai iya yin irin taka?

Baban Yara: Ana yi wa yara, Hajiya, amma ba a farawa sai fukar ta lafa, domin allurar kanta na iya tayar da alaji mai tsanani. Ki nemi a yi masa gwajin fata da ƙidayar iyosinofil tukuna.

Uwar Biyu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan tambayi likitansa duka biyun a ganin da za mu yi na gaba.