Aiki biyu sun zo min a lokaci guda, wanne zan kama?

Sabuwar nas, Tudun Wada:
Assalamu alaikum yayyena. Na gama makarantar jinya, lasisina ya fito, sai ga aiki biyu. Wani asibitin kuɗi a Barnawa, nan Kaduna, ya ce in fara ranar Litinin, albashinsa ya ɗara na gwamnati da kusan dubu 30. Gwamnatin jiha kuma ta tura ni babban asibitin wata ƙaramar hukuma. A gida sun fi son na kusa. Don Allah me zan duba?

Metiron mai ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sanya albarka. Ajiye maganar kuɗi tukuna. Je ki asibitin da yamma, ki roƙi a nuna miki rosta, wato jadawalin aikin nas-nas, ta wata guda. In kika ga nas ɗaya ce ke kwana da gado 15 ko 20, likita kuma sai an neme shi a waya, to ki yi hattara. Sabon hannu yana buƙatar babba a kusa, aƙalla shekarar farko.

Ga inda ake samun matsala. Maganin yara da nauyinsu ake lissafa shi, sifiri ɗaya ya ƙaru bisa kuskure ya ninka sau goma. Ƙarin jini, minti 15 na farko ba a barin gefen gado, don a nan mummunan rikici ya fi tasowa: zazzaɓi, rawar ɗari, ciwon baya. Mai jijjigar ciki da aka sa wa magnesium sulphate, kafin kowace allura sai an ƙirga numfashi, an auna fitsari, an buga gwiwa, calcium gluconate, makarinsa in ya yi yawa, kuma yana kan tire. Duk kin karanta wannan, amma ƙarfe 2 na dare, dangi sun cika ƙofa suna kuka, wa zai duba lissafinki? In aka yi kuskure, lasisinki ne zai je gaban NMCN, hukumar da ke ba nas da ungozoma lasisi, ba na mai asibitin ba.

Wani ɗan NANNM, ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa:
Ƙanwata, Mama ta gama magana kan aiki, ni takarda zan taɓo. Kada ki fara ko'ina da alkawarin baki. Takardar kama aiki ta faɗi albashi, yawan kwanakin aikin dare da hutun da ke biye da su, hutun shekara da na haihuwa, da wa'adin sanarwa in za ki bari. Tambayi fansho: dokar 2014 ta ce wanda ya ɗauke ki aiki ya zuba kashi 10, ke kashi 8. Wanda ya ce ki ajiye masa asalin satifiket ko lasisi, ki ba shi kwafi kawai.

A na gwamnati, duba matakin da aka rubuta miki a CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya, da alawus na canjin aiki, na haɗari da na ƙauye. Albashin farko kan makara, ki tanadi kuɗin cefane da mota na wata uku. Bayan shekara 2 ana tabbatar da ke, daga nan za ki iya neman hutun karatu da albashi. Makarantun ƙwarewa kuma ga su a garin nan: jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando, jinyar ƙwaƙwalwa a Barnawa, sai kunne, hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kunne ta Ƙasa. Wannan ya fi dubu 30 nesa ba kusa ba.

Sista, ɗakin tiyata:
Ban yarda a yi wa asibitocin kuɗi kuɗin goro ba. Akwai masu metiron tsayayya da kayan aiki, akwai kuma na gwamnati da za ki tarar ke kaɗai ce a wod. Gwajin Mama ki yi wa duka biyun. Ki je garin da aka tura ki da ƙafarki tare da Baba ko yayanki: akwai kwatas a cikin asibiti? Ruwa da wuta fa? Hanyar tana biyuwa bayan la'asar? Ki kuma tambayi ko'ina yadda ake yi in allura ta soke ki, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, da wuri ya fi. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. In ba ki yi ba, fara satin nan.

Sabuwar nas, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan nemi rostar Barnawa, Asabar kuma Yaya zai raka ni mu ga kwatas ɗin.