Rufe lissafin shekara a ƙungiyar tallafa wa yara: yaya kuke yi da kuɗin da babu rasit?

Ma'aji, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Disamba ta kama, ga ni zaune a tsakar ɗaki da kwalin taliya cike da rasit, wasu ma rubutun ya goge saboda zafi. Ƙungiyarmu ƙarama ce, ta tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya, muna kula da yara a ƙauyuka huɗu: littafi da inifom a zangon farko, maganin tsutsar ciki, sai kai mara lafiya asibiti idan abin ya fi ƙarfin iyaye. Kasafin da muka yi a Janairu da abin da muka kashe tuni suka raba gari, wannan kowa ya sani. Abin da ya hana ni barci shi ne wajen naira dubu ɗari biyu da na san inda suka tafi, wallahi na sani, amma babu takarda. Ɗan acaɓa ba ya ba da rasit. Mai ƙosai a bakin asibiti ba ta ba da rasit. Amintattunmu za su zauna ranar Asabar, kuma akwai wani dattijo cikinsu da yake bin lissafi da jan biro layi-layi. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah yaya kuka fita?

Akanta, Kano

Wa alaikumus salam Malam. Na shiga, na kuma sha kunya. Shekarar da na fara riƙe wa wata ƙungiya littafi haka na tsaya gaban mutane ina rantsuwa, alhali rantsuwa ba ta shiga littafin kuɗi. Tun daga nan na buga ƙaramin littafin bauca, kowane ɗan sa-kai yana yawo da nasa a aljihu. A rubuta rana, suna, abin da aka biya, daga ina zuwa ina. Wanda ya karɓa ya sa hannu, in bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, mai unguwa ko shugaban makaranta ya shaida. Na bana ya riga ya wuce, to ka zauna da waɗanda suka kashe kuɗin, kowa ya rubuta abin da ya tuna ya sa hannu, ka kai wa amintattu haka nan ka ce musu ga yadda abin yake. Kada ka kuskura ka nemi wani mai kanti ya yanko maka rasit ɗin cike giɓi. Ranar da aka gano ɗaya, har na gaskiyar ma sun zama abin zargi.

Sannan ka tuna da Abuja. Idan rajistarku ta amintattu ce a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce a kai rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Mutanenmu sukan karɓi satifiket su sa a firam su manta, sai ranar da wani mai ba da tallafi ya duba ya ga an rubuta ƙungiyar ba ta aiki. Haka takardar SCUML, sashen da ke yaƙi da halasta kuɗin haram, banki zai tambaye ku ita. Kuɗin mai binciken lissafi da na kai rahoton nan ku sa su a kasafi tun Janairu, su ma kuɗin aiki ne.

Nas, Katsina

Ni nawa lissafin ba na naira ba ne, na leda ne. Abincin tamowa da muke ba yara, Plumpy'Nut da ire-irensa, kwali ɗaya leda 150 ne, kuma kusan kwalin nan guda yaro ɗaya yake cinyewa kafin ya miƙe. Muna auna damtse da tef ɗin nan mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, a sa yaro a shirin ba da abincin. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, a sa masa ido.

A takarda abin gwanin sha'awa: yara kaza, kwali kaza. A fili kuwa, akwai wata uwa da ba na mantawa. Mako uku tana zuwa karɓa, tana dawo da ledojin da aka shanye kamar yadda muka ce, a ƙirge cif, amma damtsen yaron yana nan a ja. Ran nan na bi ta gida bayan la'asar. Ina shiga na tarar da yayyensa uku a gindin turmi, kowa da leda a baki yana tsotsa. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Anti, ta yaya zan ba ɗaya sauran suna kallo?” Rumbu ya ƙare tun Yuli, gero bai nuna ba. Ban iya yi mata faɗa ba. Da na koma ofis na ce a saya wa gidan kwano biyar na masara da waken suya, aka ce babu wannan layin a kasafi. Muka yi karo-karo mu ma'aikata. Cikin mako biyu tef ya koma ruwan ɗorawa. A rahoton shekara yaron nan ya fito cikin waɗanda shirin ya warkar, masarar kuwa ba ta fito ko'ina ba.

Kuma ku masu kasafi ku daina raba kuɗi kashi goma sha biyu daidai wa daida. Agusta da Satumba ne lokacin da yunwa da zazzaɓin cizon sauro suke haɗuwa. Ko maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, ai daga Yuli zuwa Oktoba ake yinsa. Abin da muke kashewa a wata biyun nan ya fi na rani gaba ɗaya.

Direba

Malam Ma'aji, ni dai kada a ƙara ce mini na sha mai. Kasafin 2023 an yi shi lita tana ƙasa da naira 200. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo muna saye wajen 500, a Yuli ya haura 600. Ƙauyukan ba su matso kusa ba, hanyar ba ta gyaru ba. Ƙarshen shekara aka kira ni gaban kwamiti wai me ya sa kuɗin mota ya ninka. Allah ya taimake ni ina rubuta lambar mita kullum, fita da dawowa, a wani tsohon littafin ɗana. Shi ya wanke ni.

Hajiya, Kaduna

Ku yi haƙuri, ni daga ɓangaren masu bayarwa nake. Duk azumi nakan fitar da zakkata in ba wata ƙungiya da ke kula da marayu. Bara suka turo rahoto mai sheƙi, hotuna shafi-shafi, yara sun yi layi da sababbin jakunkuna. Da na duba shafin kuɗi sai na ga taron bita a otal, alawus, mai, kati. Raina ya ɓaci. Ni don yara na bayar, ba don a zauna a sha lemo a ɗaki mai sanyi ba. Bana ban ba su ba.

Malamin Islamiyya, Sakkwato

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya karɓi ibada. Kina da gaskiya a rabi. Bitar otal da za a iya yi a ajin makaranta, wannan almubazzaranci ne. Amma mai da alawus ɗin 'yan sa-kai a yi musu adalci. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, cikin mutum takwas da aka ambata masu cin zakka har da masu aikin tattara ta da raba ta. Magani ba ya tafiya ƙauye da ƙafarsa.

Inda na fi ganin kuskure shi ne cakuɗa kuɗi. Mu mun taɓa zuba zakka da sadaka da kuɗin wata-wata na mambobi a asusu ɗaya, ƙarshen shekara muka rasa da wanne aka gyara rufin aji, da wanne aka biya wa yaro kuɗin ƙarin jini. Zakka tana da masu ita, ba a yin siminti da ita yadda aka ga dama. Yanzu asusu biyu gare mu, kuma duk wanda ya kawo kuɗi sai mun tambaye shi niyyarsa mun rubuta.

Hajiya, Kaduna

Na ji Malam, na gode. To su riƙa faɗa mana tun farko, cikin kowace naira ɗari ga abin da zai tafi a hanya. In na sani na yarda, babu damuwa. Ɓoyewar ce ba na so.

Malamin firamare, Jigawa

Maganar hotunan da Hajiya ta yi ta sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Wata ƙungiya ta zo makarantarmu a watan Satumba da jakunkuna da littattafai. Ranar rabo ajin ɗaya ya cika har taga, yaran da ban taɓa gani ba ma sun zo, mai gari da kansa ya zauna. Aka rubuta adadi aka tafi. Kaka tana kamawa aka fara zarewa: wannan yana roron wake, wannan tana tallan gyaɗa, ranar kasuwa kuwa sai ka ƙirga su da yatsu. Kafin hutun Disamba kusan rabi sun tafi. Da rahotonsu ya fito, adadin ranar rabon ne a ciki, wai yaran da aka mayar makaranta.

Ban ce sun yi ƙarya ba, abin da suka gani suka rubuta. Amma da sun dawo a Fabrairu sun buɗe rajistar kiran suna, da sun san gaskiyar aikinsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma dokar ba ta tare tsuntsu a gona. Abin da ya fi mana amfani a ƙarshe ba jaka ba ne. Kwamitin SBMC, na mutanen gari masu kula da makaranta, shi ne ya roƙi ƙungiyar ta gyara famfon makaranta ta kuma kewaye banɗakin 'yan mata. Matan kwamitin suka ɗauki nauyin bin gidajen da aka ga yaro ya yi kwana uku bai zo ba. Wannan ba ya kyau a hoto, shi ya sa sai da muka yi ta magiya.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa daga nan gefen. Mu tamu matsalar iyaka ce. Alli da littattafai da takalman yara daga Kano da Katsina muke sayo su, ta Jibiya da Ɗan Isa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, lakwal kuma Oktoba take komawa. Abin da muke saye jika goma sai da ya koma yadda mai kaya ya ga dama, kuma wanda ya biyo da kaya ta daji wace takarda zai ba ka? Ga canjin sefa da naira da ke motsi kullum. Yanzu kowane saye sai na rubuta farashin canjin ranar a gefe.

Wani abin kuma, tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Saboda haka masu ba mu tallafi suka ƙi yarda mu sa kuɗin magani a kasafi. Amma sau nawa uwa za ta je likita a duba yaro kyauta, a ce maganin ya ƙare, a rubuta mata ta saya a waje? Mu ne muke biya, sai mu rasa layin da za mu sa shi.

'Yar sa-kai, Maiduguri

Yaya Ma'aji, naka mai sauƙi ne. Ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ofishinmu ruwa ya kai taga. Fayil ɗin rasit na wata takwas ya zama kunu. Kuɗin da ke asusu na komawar yara makaranta ne, makarantun kuwa sun zama sansani. Shugabarmu ta kira mai tallafin a waya, ya ce ku yi abin da ya dace. Muka sayi tabarmi, gidan sauro, sinadarin tsabtace ruwa da gishirin gudawa. Da aka zo bincike aka ce ina takardar izinin canza aiki? Maganar waya ce, kuma mutumin ya bar wurin. Wata uku muna rubuce-rubuce. Yanzu ko a tsakiyar ruwa nake sai na tura saƙo an amsa mini a rubuce, kuma kowane rasit ina ɗaukar hotonsa a ranar.

Muna farfaɗowa sai ga Janairun 2025, Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje. Mu ba ma karɓa daga wurinsu kai-tsaye, amma cibiyar da muke tura yara masu tamowa tana karɓa. Da ta rage aiki, iyayen ƙofarmu suka dawo, mu da ba mu da ko kwali ɗaya a kasafi.

Direba

Allah ya kiyaye na gaba, ƙanwata. Kin tuna mini farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Kuɗi na asusu, tsaba babu, 'yan ƙauye kuma ba su karɓar tiransifa. Dubu goma sai ka ba mai POS ladansa mai tsoka kafin ya ba ka. Wannan ladan a wane layi akanta zai sa shi?

Akanta, Kano

A cajin banki, Malam Direba, in dai ka riƙe 'yar takardar da injin ya fitar. Ka yi mata hoto da wuri, ita ce ta fi kowace saurin gogewa.

Ma'aji, Zariya

Na dawo da labari. Na bi shawarar Malam Akanta, na tara 'yan sa-kai ranar Alhamis, kowa ya rubuta nasa ya sa hannu. Har ɗan acaɓan da ya saba ɗaukar mana marasa lafiya na nemo, ashe shi ma yana da nasa lissafin a bangon shagon ƙaninsa, da gawayi, layi ɗaya tafiya ɗaya. Muka ƙirga talatin da bakwai, na ɗauki hoton bangon. Da aka haɗa duka, saura dubu goma sha ɗaya da babu wanda ya tuna.

Ranar Asabar Baba mai jan biro ya daɗe yana kallon hoton bangon nan, ya cire tabarau ya mayar. Sai ya ce a rubuta dubu goma sha ɗayan a matsayin abin da ba a gano ba, kada a ɓoye shi a wani layi, kuma a karanta shi gaban mambobi a babban taro. An amince a buga littafin bauca, an buɗe layin gaggawa na damina a kasafi kamar yadda Anti Nas ta ce, Malamin Jigawa kuma mun sa ziyarar duba rajista a Fabrairu. Kuɗin buga baucan Baba ne ya zaro daga aljihunsa, ya ce in kawo masa rasit.