Harsashin da ke fita da wanda ke zama: wace kalma?

Hadiza Samaru: Salamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan miƙa fassarar wani shiri na rediyo a kan gasar harbin nesa da farauta a Amurka. Bature yana da cartridge, wato abin gaba ɗaya, yana da bullet, wanda ke fita ya tafi. Mu duka harsashi muke cewa. To ga inda na maƙale: akwai cartridge iri biyu, .308 Winchester na 1952 da .300 Winchester Magnum na 1963, abin da ke fita daga bakinsu kaurinsa ɗaya, kwanson da yawan albarushin ne suka bambanta. In na ce harsashinsu ɗaya na yi ƙarya, in na ce daban ne ma na yi ƙarya.

Malam Ɗanjuma: Harsashi ga duka ɗin, ƙwayar harsashi ga mai fita. Kwanso kuma yana nan, 'yan jarida sun daɗe suna cewa an tsinci kwanson harsashi.

Abu Tudun Wada: Kan harsashi ya fi. Ƙwaya a rediyo? Sai a ɗauka shirin 'yan shaye-shaye ne.

Baba na Ƙofar Gayan: 'Yata, mu masu bindigar toka ba mu san wannan rigima ba. Albarushi daban, dalma daban, ka ɗura ka danna. Ki ce dalma.

Hadiza Samaru: Baba, ai da wuya. Na yanzu dalmar tana cikin rigar jan ƙarfe, wasu na farauta ma jan ƙarfe ne zalla.

Ustaz Kongo: Duk kun bi ta bayan gida. Na daɗe da ƙirƙiro ƘUNSHIN WUTA. Kwanso, albarushi, maƙyasti, kai, duk an ƙunshe. Hausa tsantsa, babu aro. Har yaushe za mu yi ta bara a ƙofar wasu harsuna?

Malam Ɗanjuma: Allah ya gafarta Malam, bindiga daga Larabci take, albarushi haka, shi kansa harsashin daga rasas ne, wato dalma. In za a kori baƙi, wa zai rage a gidan?

Ustaz Kongo: Larabci ba baƙo ba ne.

Abu Tudun Wada: Ƙunshin wuta kuwa sai ka ce tsire mai zafi a takarda. Wani Bakano ya ce mini katirij kawai suke cewa.

Ustaz Kongo: Kano za ta koya wa Zariya rubuta Hausa? A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Su je su yi kasuwancinsu.

Hadiza Samaru: Don Allah a bar Kano ta huta, dare na yi. Ga jimlar, ku saurara da kunnen mai rediyo: "Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, kansa siriri ne dogo, nauyinsa kamar giram 9, na .308 kuwa ya kai giram 11. Shi ya sa iska ba ta karkatar da shi sosai a nisan yadi 1,000, kuma bai cika dukan kafaɗa ba. Amma ya fi saurin cinye bututun bindiga, kuma ga manyan namun daji daga nesa maharba da yawa sun fi yarda da .300."

Baba na Ƙofar Gayan: Dukan kafaɗa ya yi, duk wanda ya cika wa ta toka albarushi ya san shi. Ni dai hankaɗa nake cewa.

Malam Ɗanjuma: Kai ɗin ya zauna a jimlar, na janye ƙwayata. Amma "kansa siriri ne" ki fara bayyana shi sau ɗaya tukuna, kar a zaci mutum ake nufi.

Ustaz Kongo: Ku yi ta yi. Ni a ajina ƙunshin wuta zan ci gaba da koyarwa. Ko a ƙarshen shirin ki ambace shi.

Hadiza Samaru: Minti 12 kacal aka ba ni, Malam. In ya rage zan sa.