Shigar da sauti cikin sikwensa daga waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da sikwensa (na'urar da ke jera sautukan kiɗa mataki-mataki) mai matakai 8 a akwatin Eurorack (tsarin haɗa ƙananan na'urorin samar da sauti), kuma murɗa maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana cinye mini lokaci, sautin ma ba ya zama daidai. Shin akwai hanyar shigar da ƙimar kowane mataki daga allon kiɗa na Arturia KeyStep?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara duba ko sikwensar taka tana iya ajiye ƙarfin wutar da ke shigowa, domin wadda maɓallanta kaɗai ke riƙe ƙima ba za ta ɗauki komai daga waje ba. Idan tana ajiyewa, haɗa wayar CV (mai ɗauke da ƙarfin wutar da ke tsayar da sauti) da ta Gate (mai nuna lokacin da aka danna maɓalli) daga KeyStep, sannan ka danna sauti ɗaya a kowane mataki.

Amsa ta 2: Malam, matsalar daidaito daga ma'auni take. Eurorack na bin bolt 1 ga kowane oktaf (tazarar rabin sauti 12), wato rabin sauti kusan bolt 0.083 ne, abin da yatsa ba ya kamawa da sauƙi. Sanya kwantaiza (na'urar da ke mayar da ƙarfin wuta zuwa daidaitaccen sauti mafi kusa) bayan sikwensar.

Amsa ta 3: Idan ka bi ta MIDI (hanyar aika saƙonnin lambobi tsakanin kayan kiɗa), ka sani ƙimar CC (saƙon sarrafa maɓalli) daga 0 zuwa 127 ce kawai, don haka za ka ji tsalle-tsalle a sautin.