Jip ɗin soja ta baba in ta yi zafi sai ta mutu, wa ya taɓa gani?

Mai jip na Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar motar soja ya ba ni labarin abin da ya gani, ni kam kaina ya ɗaure. Jip ce Hotchkiss M201 ta marigayi babanmu, irin waɗanda aka ƙera a Faransa daga 1955 zuwa 1966 da lasisin Willys na Amurka, silinda huɗu mai esansi, wato fetur. Asalin wutarta bolt 6 ce amma tun baba na da rai aka mai da ita 12. Da safe bugu ɗaya take tashi, inji na tafiya lafiya lau. Amma in na kama hanyar Mirriya daga nan Damagaram kafin in kai rabi sai ta fara shaƙewa, in taka ta ƙi amsawa, ta yi tas tas ta salansa sai ɗif. In na zauna gindin bishiya kamar minti ashirin ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku ana wanke min karbirata, kuɗi sun tafi ciwo na nan.

Direban Tanut:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan ai labarina ne da Land Rover ta soja da na yi shekaru ina jigila da ita. A watan Afrilu da rana tsaka take yi min haka, ashe bututun mai ne wani yaro ya bi da shi dab da salansa, zafi ya sa esansi ya tafasa a ciki ya koma tururi, pompi na ta bugun iska babu abin da ke isa karbirata. Tsumma nake jiƙawa da ruwan gora in ɗora kan pompi, minti biyar ta tashi, fasinja suna ce min boka. Da muka janye bututun nesa da wuta shi ke nan. Kuma ka duba murfin tanki, in ta mutu ka buɗe shi ka saurara, in ka ji fuuu yana zuƙar iska to ƴar hudar da yake numfashi da ita ta toshe da ƙura.

Tsohon makanike na Zango:
Ɗana, kafin ka sake ba kowa ko dala ka yi abu ɗaya. Daidai lokacin da ta mutu, kada ka jira ta huce, zare wayar tsakiyar delko, mai raba wa buji wuta, wadda ta taho daga bobin, mai ƙara ƙarfin wutar, ka riƙe ta da busasshen ƙyalle ka kusantar da bakinta jikin inji kamar kaurin fensir, yaro ya murɗa makulli. In ka ga wuta shuɗiya tana ƙyas ƙyas to matsalarka ta mai ce, bi maganar direba. In ja ce mai rauni ko babu gaba ɗaya ka ƙyale karbirata ta huta, an zalunce ta. Abin da ya sa na ce haka, ka ce an mai da ita bolt 12. Na sha buɗe irin waɗannan in tarar an bar bobin ɗin bolt 6, ko an sa wadda sai da rezistans mai rage wuta take aiki amma ba a sa mata ba. Wuta ta yi mata yawa, tana ɗaukar zafi har hannu ba ya iya taɓa ta, wayar cikinta ta buɗe, in ta huce ta koma ta haɗe. Kuma tana cinye filatin, ɗan ƙarfen nan na cikin delko da ke buɗewa da rufewa yana yanke wuta, za ka ga bakinsa ya ƙone ya yi rami. Ni a garejinmu yaro in ya ce min karbirata ce ba tare da ya gwada wuta ba, shara yake yi ranar.

Aparanti na Sabon Gari:
Baba gaskiya ne, amma mu namu kondansater, ɗan abin nan da ke hana filatin ƙonewa, shi ne ya wahal da mu, kuma sabo dal daga kwali wallahi. Maigida ya canza filatin da kondansater tare, mota ta yi kwana biyu ta fara atishawa in ta yi zafi, muka canza bobin muka canza buji huɗu duk a banza. Ƙarshe tsohon kondansater ɗin da na jefa a gwangwanin kusoshi shi na tono na mayar, har yau shi ke ciki. Tun daga nan ba na yar da tsohon kaya sai sabo ya yi wata.

Mai Berliet:
Ni tawa GBC 8 ce mai ƙafa shida, in ta rasa ƙarfi iska ce ta shiga layin gazuwal, wato dizal, sai in sassauta kusa in yi ta buga pompin hannu har kumfa ta ƙare.

Direban Tanut:
Alhaji ai taka ba ta san buji ba balle delko, ka zo ne kawai ka tuna mana kana da babbar mota hhh.

Malamin lakkol mai Land Rover:
Bari in ƙara nawa ko da bai yi daidai da naka sak ba. Tawa ba ta mutuwa, ƙarfi ne ya tafi a hankali har ta kai in na ɗauko buhunan gero daga Magarya sai da bites, wato giya, ta biyu nake hawa ɗan tudu, ga baƙin hayaƙi ga shan mai. Motocin nan matatar iskarsu mai wankan mai ce, akwai kwano a ƙasa da ake zuba man inji yana kama ƙura. Bayan hunturu na kwance nawa, abin da na gani ba mai ba ne, taɓo ne kamar na tabki, sai da cokali na kwashe shi. Buji duk sun yi baƙi ƙirin. Bayan wannan kuma na gano supap, wato bawul na inji, sun matse, a tawa milimita 0,25 ne tazarar, kuma in supap ya matse inji ya yi zafi ba ya rufewa sosai sai matsi ya zube. Wani abu kuma da ba ma son faɗa, man ruwa-ruwa na kwalba, wani lokaci da ruwa ko yashi a gindinsa, ni yanzu sai na tace da ƙyalle nake zubawa.

Tsohon makanike na Zango:
Malam ya tuna min. In ka cire wayoyin buji don wankewa ka kula da jerinsu, 1-3-4-2 ne a jip ɗin da Land Rover mai silinda huɗu duka. Filatin na Willys tazarar milimita 0,50 ake ba shi, na Land Rover 0,35 zuwa 0,40, kada a haɗa. Kuma ɗan dunduniyar filatin da ke gogar kam ɗin da ke juyawa cikin delko yana son ɗigon giris kamar ƙwayar gero, ƙurar garin nan tana cin sa, in ya cinye tazara ta rufe lokacin wuta ya koma baya, mota ta yi nauyi.

Mai jip na Birni:
Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na ɗauki ƙanena muka kama hanyar Mirriya da gangan don ta mutu, ba ta ba mu kunya ba. Na buɗe murfin tanki shiru. Na zare waya kamar yadda Baba makanike ya ce, wuta ƴar ja sai ka ƙura ido kafin ka gan ta, na kai hannu kan bobin na janye ba shiri. Da muka goge ƙurar gindinta da yawu sai ga 6V a rubuce, shekara da shekaru kenan tana fama. Yau da safe na kai wa Baba motar Zango, ya sa mata bobin ta bolt 12, ya buɗe delko ya nuna min filatin ya kusa rufewa kwata-kwata, ya canza ya ba shi 0,50. Mun je Mirriya mun dawo ba tari ko ɗaya. Saura abu guda, murfin delko yana da ɗan tsagu siriri ta ciki, Baba ya ce da damina zai ba ni labari. Duk wanda ya san inda zan samu ko na hannu ne, nan ko Maraɗi ko Kano, ya taimaka ya yi min magana.

Aparanti na Sabon Gari:
Yaya kada ka yar da tsohuwar bobin ɗin fa, akwai mai nema. Murfin kuma bari in duba gwangwanina gobe in Allah ya kai mu.