Neman shawara: malamin ɗana ya rubuta "easily distracted", shi ke damun mutane ko shi ake damu?

Salamu alaikum jama'ar gida. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana yana aji biyu a JHS, wato ƙaramar sakandare, baɗi zai rubuta BECE, jarrabawar gama ta, in Allah ya kai mu. An ba su takardar sakamako, a ƙasa inda malami ke faɗin ra'ayinsa an rubuta: "He is intelligent but easily distracted in class." Farkon na gane, wato yana da ƙwaƙwalwa. Ƙarshen ne ya tsaya mini. Babansa ya ce ana nufin yaron yana damun mutane a aji, har ya ɗauko bulala yana jiran ya dawo daga makarantar allo. Ƙanwata kuma ta ce shi ake damu. Ni bokona bai yi nisa ba. Don Allah masu Turanci ku raba mana gardama, kuma ku faɗa mini abin da zan tambayi malamin.

Wani malamin Turanci a Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce wa Alhaji ya ajiye bulalar tukuna. "Distract" shi ne ɗauke wa mutum hankali daga abin da ya sa a gaba, ko shagaltar da shi. Dole a samu ɓangare biyu, mai ɗauke hankalin da wanda aka ɗauke wa. Da malamin yana nufin yaronku ne fitinanne, da ya rubuta "He distracts others", ko "He distracts the class". Amma ya ce "he is distracted". Galibi inda kika ga "is" a gaba, "ed" a wutsiyar kalmar, to wanda ake magana a kansa shi aka yi wa, ba shi ya yi ba. Sai kuma "easily", wato abu kaɗan ya ishe shi: ƙadangare ya gifta ta taga, ko na kusa da shi ya buɗe jaka, shi ke nan darasi ya wuce shi. Mu malamai muna yawan rubuta wannan a kan yara masu kaifin kai, don sukan riga 'yan aji ganewa, sai zaman ya gundure su. Abin da malamin bai faɗa ba shi ne mene ne ke ɗauke masa hankalin. A Turanci da "by" ake kawo shi, kamar "distracted by his friends" ko "distracted by noise". Nan ne tambayarki take. In ba ya jin Hausa ki ce masa: "Please, what distracts him in class?" In yaren Tuwi ya fi miki sauƙi, ki yi da Tuwi, babu laifi.

Wata mai sayar da atamfa a Kejetia:
Yaya, ai mu kullum muna ganin wannan kalmar da ido a kasuwa. Ɗaya ya tsaya yana ta ciniki, a sauko masa da wannan, a ɗauko wancan, ɗan'uwansa na gefe yana zare turmi. Na farkon shi ya yi "distract", ni aka yi wa. Ɗanki a wurina yake, ba a wurin mai cinikin ba.

Wani ɗalibi a jami'ar KNUST ta Kumasi:
Mama, ina ganin abin da ya rikita Baba shi ne "disturb", don a nan Ghana ita muke sa wa komai. "Disturb" damu ne ko katse wa mutum hutu, kamar ka tashi mai barci. "Distract" kuwa sai hankali na kan wani abu sannan a janye shi, kuma ba lallai da abu mai ban haushi ba. Ƙwallo a talabijin ma tana yi, kana jin daɗi aiki na lalacewa. Asalinta daga Latin ne, "dis" rabewa, "trahere" ja. Jan nan ne a cikin "attract" da "subtract" da "tractor". Ƙannena masu jiran jarrabawar WAEC ku kula: "from" ke bin ta. "The noise distracted me from my work" daidai ne, "distracted me to work" kuskure ne. Sunan abin kuma "distraction".

Wani direban tirotiro, wato motar haya:
To Malam, "divert" fa? Ina ganinta a allon masu gyaran titi.

Malamin Asawase:
Wannan karkatarwa ce, Direba. Ana karkatar da motoci, ana karkatar da ruwa, ana karkatar da kuɗin jama'a. Hankali ma ana cewa "divert attention", amma galibi da gangan ne, irin na ɗan siyasar da aka tambaya kuɗin kwata ya kama zancen abokin hamayya. Ba a cewa an yi "distract" ɗin mota, sai dai direbanta, shi ya sa dokar hanya ta 2012 ta hana riƙe waya ana tuƙi.

Wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya:
Turanci kun gama shi, amma kada 'yata ta tafi da cewa babu komai. Malami ba ya rubuta wannan don yabo. Ki bincika a ina yake zama a aji, don yaron da ba ya ganin allo sosai ko kunnensa ke da matsala haka yake zama kamar ba ya wurin. Ki duba ƙarfe nawa yake kwanciya, tunda daga boko sai allo, wani har dare, sannan ga waya a hannu. Yana karyawa kafin ya fita? Ki je ke da babansa ranar da ba a cika ba, ku roƙi a dawo da shi layin gaba zango ɗaya a gani. In bai sauya ba, ku kai shi a auna masa ido da kunne.